Tambaya ta Bakwai

Litinin, 3 ga Oktoba, 2022
Sabon Birni. Na iso da la'asar, hanyar Isa lafiya. Inna tana rumfa tana tsintar wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango, kamar kullum. Ni ne ɗan fari. Shekara sittin da ɗaya ba ta kalle ni ido da ido ba, ba ta kama sunana ba. "Wancan na Sakkwato" take cewa.

Laraba, 5 ga Oktoba
Tsofaffi goma sha huɗu a Kurawa. Awon jini, sannan tambayoyin gwada tunani. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, abu ɗaya nake nunawa: hawan jinin da aka ƙyale a shekara hamsin yakan dawo ya ci tunani a saba'in.

Tambaya ta bakwai: lissafa 'ya'yanki. Ni na kafa ƙa'idar cewa in uwa ta tsallake ɗan fari, kada a rubuta mata kuskure, kunya ce ba mantuwa ba. Wannan gyaran ya ba ni kujerar farfesa a ilimin halayyar ɗan Adam. Yau mata biyar sun tsallake. Na ba su cikakken maki.

Alhamis, 6 ga Oktoba
Ƙanwata Halimat ta tare ni a zaure. "Yaya, kana auna iyayen mutane, taka hwa?" Ta ce Inna ta zuba gishiri a kunu sau biyu, ta nemi Baba, wanda ya rasu tun ina ɗalibi. Na ce tun yaushe? Ta ce damina uku ke nan.

Ban taɓa auna ta ba. Yaya za ni kama dantsen matar da ba ta yarda mu haɗa ido?

Juma'a, 7 ga Oktoba
Halimat ta ɗaura wa Inna na'urar awon jini, ni ina bayan zana ina faɗa mata yadda za ta yi. 184 bisa 106. Aka sake. Haka.

A tambaya ta bakwai, Inna ta lissafa huɗu, ta bar ni. A ƙa'idata ta ci. Na daɗe ina duban takardar. Mata nawa cikin dubu biyun da na auna na sallama da cikakken maki, alhali yaron ya riga ya fita daga kansu? Ba yadda za a gane yanzu. Da yawansu ƙasa ta rufe su.

Asabar, 8 ga Oktoba
An fara magani. Na san abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, ni na rubuta.

Litinin, 10 ga Oktoba
Da hantsi ina alwala, na ji an ce, "Halliru." Muryar Inna. Butar ta kuɓuce mini.

Tana kallona, kai tsaye, tana murmushi. Idanunta ƙanana ne, akwai ɗigon baƙi a na hagu. Ban sani ba sai yau.

"Kai ne Halliru, likitan tsohhi? An ce shina nan garin. Zamna mana, wagga tsayuwa ta mi ce?"

Halimat ta toshe baki da gyale ta shige ɗaki. Na zauna. Mun yi hira har azahar: geron bana, ambaliyar da ta ci gonar kakanta a Alkalawa, wani raƙumi mai cizo. Tana da ban dariya ashe.

Laraba, 12 ga Oktoba
Ya kamata in kasance a Sakkwato tun jiya, ɗalibai na jira. Na ce wa direba ya tafi, za ni biyo motar haya. Dole a ga yadda maganin zai karɓe ta, dalilin ke nan.

146 bisa 90 yau. Yana sauka. Na lura ban yi murnar da ta kamata ba, ban kuma bi diddigin dalili ba.

Ta miƙo mini dantsenta da kanta. Ina ɗaurawa ta ce, "Halliru, uwarka na da rai?"

Na ce tana nan.

"Ka riƙa zuwa kana ganin ta. Ko ba ta ce komi ba, tana so."

Na ce to, Inna.