Tsatsa a Ƙugun Baba

Laraba da dare, Kucheri

Tun da muka dawo daga Gusau raina a jagule yake. Likita ya duba hoton, ya ce ƙarfen da aka sa wa Baba a ƙugu ya fara tsatsa, burbushinsa ne ke cin naman wurin. Sai an sake aiki. Baba ya rantse ba mai ƙara yanka shi.

Bayan isha'i ya kira ni, ya miƙo mini kwalbar man gyaɗa. "Bashiru, shafa mini. Shekara talatin ina shafa wa garmata mai, ka taɓa ganin ta yi tsatsa?"

Na san mai ba ya kaiwa can ciki. Na durƙusa na shafa. Wai har ya ji sauƙi.