A Ba Maijidda Alli

Ingila, 9 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga Yaya Ubale,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ƙafar tata? Ta fara sabawa da sabon garin? Ni lafiya ƙalau, kwas ɗin malanta yana tafiya. Sanyi ne dai, da ɗan tari da ya ƙi jin magani, amma kada Inna ta ji.

Tunda wasiƙarka ta zo na kasa zama wuri ɗaya. Ka ce an mayar da Maijidda, 'yar Wada masunci, aji ɗaya, wai ba ta iya komai ba. Shekara uku na koyar da ita kafin ruwan madatsar Tiga ya tashe mu daga garinmu. In'ina gare ta, in aka tsare ta da tambaya sai bakin ya ɗaure. Kowace Juma'a nakan rubuta abin da kowane ɗalibi ya iya a wani littafi, da shi na taho. Ga shafukanta nan na yago. A shekarar farko ko baƙi ba ta ganewa, a ta uku ita ke rubuta wa maƙwabta wasiƙa.

Don Allah ka kai wa hedimasta hannu da hannu. Ka roƙe shi ya ba ta alli ta rubuta, kada ya ce sai ta yi magana. Wada ya daɗe yana neman dalilin cire ta daga makaranta, in ta daɗe cikin ƙanana ya samu.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ka amsa da wuri, ka fara da ajin da aka sa ta.

Ƙaninka,
Rufa'i