Akwatin Sifanun Kaka

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da ƙannena. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya ƙafar taki?

Ni lafiya lau, na koma aiki. Gidan ne dai ya yi min girma tun da Kaka ya rasu. Har yanzu kofi biyu nake ɗaukowa da safe.

Jiya wani tsoho da suka yi aiki tare da Kaka a ma'aikatar ruwa ya zo ta'aziyya. Ya ce, "'Yata, kin san da kakanki ya zo ƙasar nan tsintsiya aka ba shi? Takardarsa ta injiniya ko kallonta ba su yi ba." Shekara biyu yana shara, sai ranar da babban injin ya tsaya, aka rasa mai tada shi. Kaka ya jingine tsintsiya, ya roƙi aron sifana. Kafin la'asar famfo ya kawo ruwa.

Inna, kin taɓa jin wannan? Shekara huɗu muna tare bai faɗa min ba, sai tsokana: "Amarya, shayin nan naki ko inji ba zai sha ba."

Ƙarshen wata zan koma ƙaramin ɗaki. Rigunansa da tabaransa zan aiko miki. Akwatin sifanunsa kuwa, don Allah ki bar min. Sau ɗaya na buɗe shi, ƙamshin man inji ya buge ni, na rufe.

Allah ya jiƙansa. Ki gaida Gwaggo, ki sa ni a addu'a.

'Yarki ta fari.