Dakalin Alwalar Baba

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara, ya ƙarfin jikin Anti Rabi? Mu nan Gyaɗi-Gyaɗi lafiya lau.

An gama gyaran banɗakin Inna. An sa tayil marar santsi don kada ta sake faɗuwa, da shawa, da masai na zama saboda gwiwarta. Da birkila ya ɗauko guduma zai fasa dakalin da marigayi Baba yake zama ya yi alwala, Inna ta tare shi: "Yaro, fasa komai, ban da wannan." Yana nan, tsohon siminti a tsakiyar sabon tayil. A kansa take alwala yanzu, da butarsa.

A gaida kowa, a sa Baba a addu'a. Ka riƙa kiran Inna, ta ce muryarka irin tasa ce.

Ƙanwarka,
Bilkisu