Da Hannu Bibbiyu

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya fito kamar tonon kaji. Tun da hawan jini ya kayar da ni a wurin aiki cikin watan Yuni, hannun dama ya zama baƙo: yana nan, yana ɗan motsi, amma ba ya jin magana. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo, alhamdulillahi. Saura shi.

Yau Braimah ya zo, abokin aikina na sashen lodin kaya a filin jirgin JFK, mutumin Zangon Kumasi. Ya dire mini wani kwali a cinya. Wai maƙwabcinsa ne zai tashi ya fito da tarkace, shi kuma ya ga hoton jirgi ya tuna da ni. Jirgin yaƙi ne na roba, gutsi-gutsi, sai an haɗa. Brewster sunansa, na sojan saman Finland a yaƙin duniya na biyu. Gajere, ga tumbi. Braimah ya ce, "Kai ne sak, Masa Shitu," wato maigida a bakin mutanen Kumasi. Na ce masa ni ba yaro ba ne. Ya ce ai su yara hannunsu ƙalau.

Maganar ta yi mini zafi. Na dai yi godiya.

Asabar, 14 ga Satumba

Ban buɗe ba.

Juma'a, 20 ga Satumba

Yau ma ban je masallaci ba. Fauzia riga kawai ta goge ta rataye inda zan gani. Shekarun aurenmu sun isa ta san dalili. Ba tafiyar nake tsoro ba, gaisawa ce. Ana sallamewa hannuwa za su miƙo ta ko'ina. In ba da dama, ya zube kamar tsumma kafin ya isa. In ba da hagu kuwa, ni Shitu, in miƙa wa dattijo hagu a cikin masallaci? Gara in zauna.

Sai dai Najat, autarmu, cikinta ya tsufa, farkon Nuwamba ake sa rai. Mijinta Yacouba ɗan Damagaram ne, ba shi da manya a nan, don haka a falonmu za a yi suna, ni ne mai karɓar baƙi. Mutanen unguwar Jamaica za su zo, na Bronx za su zo, kowa da hannunsa. Ranar ba ni da maɓoya.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na kai kwalin wa matar da ke koya mini motsa hannu a asibiti, don ta ce shirme ne in huta. Sai ta ce ya fi ƙwallon robar da nake matsawa. Sharaɗinta ɗaya: hannun dama ne zai yi aiki, na hagu riƙo kawai.

Kujerar matuƙin ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Ina ɗaukarta da hantsaki ta yi tsalle ta ɓace. Fauzia ce ta sharo ta daga ƙarƙashin firji, ta ajiye mini a tebur ta wuce, ko kallona ba ta yi ba, don kada in ji kunya. Allah ya saka wa matar nan.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Gam a yatsu, gam a riga, gam a gemu. A jikin jirgi ɗan kaɗan.

Talata, 8 ga Oktoba

Najat ta zo, ta karanto mini tarihinsa a waya. Ashe a nan Queens aka ƙera shi, a Long Island City, aka zuba a akwatuna aka tura ta ruwa. Amurkawa ba su ji daɗinsa ba, mutanen Finland kuwa suka rungume shi. Na ce ashe shi ma lodinsa aka yi, ɗan gida ne.

A takardar tambura ta ga wani tambari shuɗi mai kama da na 'yan Nazi. Ta ce, "Baba, no. Ba a gidan nan ba." Wai na Finland ya riga na Jamus, amma wa zai tsaya jin bayani? Akwai na bayan yaƙi, zagaye fari da shuɗi, shi zan manna.

Daga nan ta shiga ba ni labarin abin da likita ya ce game da cikin, dalla-dalla. Yaran Amurka ba su san kunya ba. Ni dai na duƙufa ina goga fiffike da samfefa.

Laraba, 16 ga Oktoba

Fukafukai sun hau. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya ɗagawa. Braimah ya ce in ya tashi zai yi ta zagaye ne kamar mai neman wurin fakin a Jamaica Avenue. Ya ƙara da, "Fauzia ya ce ka fara riƙe cokali." Hausar Braimah ba ta san mace ba, na gaji da gyara masa.

Da zai tafi na gwada miƙa masa hannu. Ya taso zuwa rabi, ya yi rawa, ya koma. Braimah ya sunkuya wai yana neman makullin mota, alhali yana hannunsa. Ban taɓa jin ina ƙaunar mutumin nan kamar lokacin ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Raina ya ɓaci, na ture tebur. Farfela ta karye. Ba abin da zan rubuta.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na liƙe farfelar, sai wanda ya ƙura ido zai gane. An shiga fenti: kore da baƙi a sama, ruwan toka a ciki.

Abin da ya ci ni shi ne gilashin matuƙi. Layukansa sirara ne kamar zare, burushi kuwa sai rawa yake. Na ɓata, na goge, na sake ɓatawa. Can ban san lokacin da hagu ya saki jirgin ya cafke wuyan hannun dama ba. Sai ga layi ya tafi sambal. Na yi wani, shi ma haka. Matar asibiti ta ce hagu riƙo kawai. To ai riƙon ya yi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Najat ta sauka lafiya, mace. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Na yi kuka, a banɗaki.

Hannun har yau ba ya kaiwa shi kaɗai.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na ce wa Fauzia gobe a ɗaki zan zauna, a ce wa mutane ina hutawa. Ta ce, "To, Malam." Jim kaɗan ta dawo ta ɗauke kujerar ɗakin ta kai falo, wai ba su isa ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na fito ɗaukar hula ne kawai aka buɗe ƙofa. Abokan Yacouba ne, masu kasa kaya a tebur a Fordham Road. Na gabansu, wani Souley, sa'an 'ya'yana, ya riga ya miƙo hannu. Ba gudu, ba lokacin tunani. Hagu ya cafke wuyan dama kamar za mu ja layin fenti, ya ɗaga shi, ya kai.

Sai da hannuwanmu suka haɗu na ga abin da na yi. Na gaishe shi hannu bibbiyu, yadda ake gaida uba ko malami. Souley ya rikice, ya durƙusa har ƙasa. "Pardon, Baba, ai ni ya kamata." Na bayansa ma duk suka zube.

Haka na tsaya a bakin ƙofa har aka cika, kowa da biyu. Ba wanda ya ga rawar hannu. Bayan an raɗa wa yarinya suna Rahina, liman ya ce jama'a su yi koyi da tawali'un Malam Shitu, wanda Allah ya jarraba ya ƙara masa ladabi. Na hango Braimah a lungu, waina ta kusa shaƙe shi don dariya. Ya san komai, bai faɗa wa kowa ba.

Na riƙe Rahina. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma a zaune na karɓe ta.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Jirgi ya kammala, yana kan firji. Tamburan ƙarshe da hannun dama kaɗai na manna su, tun ranar Talata yake tashi da kansa. Wannan shafin ma shi ya rubuta rabinsa.

Na je masallaci. Da aka idar na gaisa da kowa, da biyu. A bakin ƙofa Braimah ya matso kunnena ya ce, "Na gan ka jiya ka ɗaga kofin shayi da shi." Na ce sanyi ne, bai gama warwarewa ba.

Na dai lura in na ba mutum biyu, ba ya saurin saki. Sai ya tsaya ya tambayi jiki, ni ma in tambayi nasa. Yau na gaisa da Malam Mahamadou mai gyaran waya, wanda muka daɗe muna sahu ɗaya, ashe tun bazara matarsa take kwance ban sani ba. Gobe za mu je dubiya, na ce wa Fauzia ta dama kunu.