Tamfal a Kan Rufin Wanet

Makka, Asabar

Zuwa ga 'yata Maryama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Ki gaida mijinki Lurwanu.

Da riga ɗaya na shigo garin nan. Na yi dako a Mina, na sayar da ƙanƙara a Arfa, na koyi tuƙi ba malami, na sayi wanet ɗin nan, a-kori-kurar da ba wanda ya sa mini ko riyal ɗaya a cikinta. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma shekara goma sha ɗaya tana hannuna, ko ɗigon tsatsa babu.

Wata takwas kacal da na ba mijinki aronta yana jigilar kifi a Jidda. Jiya Sufyan direba ya nuna mini hoton rufinta. Fenti ya kumbura, ja ya fito kamar an barbaɗa barkono. A rubuce na aiko, don kada a ce ban faɗa ba. Ranar Alhamis Sufyan zai karɓo makulli. Halas, magana ta ƙare.

Mahaifinki,
Garba Dawuda

Jidda, Lahadi

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, da fatan ciwon ƙafarka ya yi sauƙi.

Gidajen abinci uku Lurwanu yake kai wa kifi. In ya fasa ko na kwana biyu za su ɗauki wani, kuma ba shi da wata sana'a. Tun da na karanta masa takardar bai ci abinci ba. Wallahi Baba, duk sharaɗin da ka gindaya yana bi. Ka ƙara mana mako ɗaya.

Allah Ya ƙara girma.
Maryama

Makka, Litinin

Maryama,

Bayan gaisuwa. Sharaɗi biyu na ba shi: a lulluɓe ta da tamfal duk sanda ta tsaya, kuma kada ruwa ya taɓa rufin, tsumma ya isa. Da ya bi, da ba mu zo nan ba. Shi ba shi da hannun rubutu ne, sai ke? Alhamis na ce.

Mahaifinki

Jidda, Talata

Baba,

Ina gaisuwa. Ka gafarce ni kafin ka karanta, kuma Lurwanu bai san na rubuta wannan ba.

Yau da safe na matsa masa muka kai motar warsha, wato gareji, a gyara. Mai wurin, Talal, ya ce mu shimfiɗa tamfal ɗin ya gani. Cikin tamfal ɗin jiƙe sharkaf. Ya shafa yatsa a rufin ya ce in lasa. Gishiri ne, Baba. Ya ce a Makka rana ake ɓoye wa mota, a nan kuwa iskar teku ce ke shiga ƙarƙashin tamfal ta kwanta, ba ta bushewa. Tsumman kuma yana ta cusa gishirin cikin fenti. Tsatsar ta faro ne daga ramuka huɗun da aka huda wa ƙarfen ɗora kaya.

Na juya na ce, "Abban yara, ka san haka?"

Ya ce, "Tun makon farko."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Da wane bakin zan ce wa surukina maganarsa ba daidai ba ce?"

Rufin bai huje ba tukuna. Talal ya ce a goge har ƙarfe ya yi fari, a shafa fentin hana tsatsa, a toshe ramukan, sannan a riƙa wanke ta da ruwan daɗi duk mako a bar ta ta sha iska. In aka bari wata biyu, sai dai yanka.

Makulli yana rataye a bakin ƙofa. In Sufyan ya zo ba za mu hana shi ba.

'Yarka mai neman albarkarka,
Maryama

Makka, Laraba

Maryama,

Na gaishe ki. Sau uku na karanta.

Na ce wa Sufyan tamfal kaɗai zai ɗauko, a nan yana da amfani. Ramukan nan ni na huda su, kuma ki faɗa wa Talal ko ɗaya bai karkace ba. Mijinki ya ci abinci. Ki ce masa kunyar da za ta cinye mini mota ba na sonta, ya kira ni da bakinsa.

A rubuta sabon sharaɗi a manna gaban direba: ruwan daɗi duk Juma'a, ba lulluɓi. A ƙasa a sa sunana cikakke, Garba Dawuda, mai mota. Da manyan baƙi, ba irin rubutun nan naki ƙanana ba.

Allah Ya yi muku albarka.
Mahaifinku