Sifirin Akori-kura a Motar Tsere

Zuwa ga Alhaji Sani,

Gaisuwa mai yawa daga ofishin Babban Daraktan Duba Lafiyar Motoci na Abuja. Yaya Legas, yaya iyali, yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, raina a ɓace yake. Jar motarka mai ƙofa biyu da ka bari a gida, shokabzobanta na gaba, wato abin da ke rage mata jijjiga a gargada, ya fara yoyon mai. Maimakon a nemo irin nata, sai kawunka Idi ya kai ta Karshi, ya sa bakanike ya ɗaura mata shokabzoba da sifirin akori-kura, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, wai don ta yi tsayi ta riƙa kwaso masa doya daga gona. Doya, Alhaji! A motar tsere!

Yanzu ta ɗaga hanci sama, tana tsalle kamar akuya. Ranar Juma'a a shataletale ta karkata har ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, Inna na ciki tana salati. Kawu ya ce wai iska ce.

Wannan mota gajeren sifirin mai tauri take so, da shokabzoba daidai da shi, a canja na ƙafa huɗun tare. Na ga irinsu a wani shago a unguwar Idu. Ka bugo wa Kawu waya ka faɗa masa da bakinka, don ni ba ya jin maganata.

A gaida yara, a sa mu a addu'a.

Af, Yaya, babu wani Darakta, ƙaninka Habu ne. Makullin motar yana aljihuna, kuma Kawu ba zai gan shi ba sai ka bugo.